Manhajojin lissafi na intanet: Sabbin abubuwan da suka shigo da abin da suke nufi ga ƙananan 'yan kasuwa

Manhajar lissafi ta intanet ita ce wadda ɗan kasuwa ke rubuta cinikinsa da sayayyarsa da basussukansa a cikinta ta waya ko ta kwamfuta, amma bayanan ba a cikin na'urarsa suke zaune ba. Suna ajiye ne a manyan kwamfutocin kamfanin da ya ƙirƙiri manhajar, shi kuwa yana biyan kuɗin amfani duk wata ko duk shekara. Idan wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta, lissafin yana nan. Maigida na iya duba cinikin shagonsa na Wuse yana zaune a Anaca wurin sari, akantansa kuma na iya shiga daga ofishinsa ba tare da an kai masa littafi ba.

A 'yan shekarun nan manyan kamfanonin da ke wannan sana'a sun yi ta fitar da sabbin abubuwa, wasu duk bayan 'yan makonni. Sunayen da suke raɗa musu sun bambanta, amma alƙiblar ɗaya ce: manhajar ta riƙa cike lissafin da kanta, ta hanyar ɗauko bayanai daga banki da rasit da hannun mai saye, sannan ta miƙa abin da ya wajaba ga hukumar haraji. Aikin mai kasuwa yana komawa daga rubutawa zuwa dubawa da amincewa. Ga Najeriya, inda binciken da hukumar SMEDAN da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka fitar na 2021 ya ƙiyasta ƙanana da matsakaitan sana'o'i sun kai kimanin miliyan 39.6, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wanne daga cikin waɗannan abubuwa ke aiki a nan, domin akasarinsu don kasuwannin Amurka da Birtaniya aka fara gina su.

Asalinsu a taƙaice

Tsarin da duk waɗannan manhajoji ke bi tsoho ne. Shi ne tsarin rubuta kowace hulɗa sau biyu, wato inda kuɗi ya fito da inda ya shiga, wanda masanin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, ya yi bayaninsa a littafin da ya wallafa a 1494. Kwamfuta ta ɗauke wa mutane wahalar tarawa da ɗebewa ne kawai.

An kafa kamfanin Sage a Ingila a 1981, sai Intuit a Amurka a 1983, wanda ya fitar da QuickBooks a 1992. A lokacin faifai ake saya a loda wa kwamfuta ɗaya. Tsofaffin akantoci a Najeriya sun san Peachtree sosai, wanda Sage ya saya a 1999, daga baya aka sauya masa suna zuwa Sage 50. QuickBooks na intanet ya fito a 2001. Xero, wanda aka kafa a Niyu Zilan a 2006, tun farko a intanet aka gina shi, haka ma Zoho Books na kamfanin Zoho na Indiya da ya fito a 2011. Alamar inda aka dosa ta bayyana ƙarara a 2024, lokacin da Intuit ya daina sayar wa sabbin masu saye a Amurka da yawancin nau'o'in QuickBooks na kan kwamfuta, ya karkata su zuwa na intanet.

Haɗa manhaja da asusun banki

Babu wani sabon abu da ya sauya aikin lissafi kamar wannan. A da, akawu kan karɓo takardar bayanin asusu daga banki a ƙarshen wata, ya zauna yana bin layi-layi yana gwamawa da abin da ke littafi. Yanzu manhajar ce ke ɗauko shige da ficen kuɗin asusun kullum, ta jera su, ta kuma yi hasashen gurbin kowanne. Idan naira 85,000 ta shigo, kuma akwai wani da ake bin naira 85,000 daidai, sai ta nuna cewa da alama shi ne ya biya, ta jira maigida ya danna amincewa. Ana iya kafa mata ƙa'ida, misali duk abin da banki ya cire da sunan kuɗin alat ko na kula da asusu ta kai shi gurbin cajin banki ba sai ta tambaya ba. Sabbin gyare-gyaren da ake yi a wannan ɓangare sun fi karkata ga ƙara wa manhajar ƙwarewar hasashe, da ba ta damar daidaita abubuwa masu yawa a lokaci guda, da kuma nuna dalilin da ya sa ta zaɓi gurbin da ta zaɓa.

A nan gida akwai cikas biyu. Na farko shi ne haɗin kansa. Ba duka bankunan Najeriya ne manhajojin waje ke iya shiga kai tsaye ba, inda kuma ake iya shiga haɗin yakan yanke. Babban Bankin Najeriya ya fitar da tsarin buɗe bayanan banki a Fabrairun 2021, sannan ya fitar da ƙa'idojin aiwatarwa a Maris na 2023. Manufar ita ce mai asusu ya iya ba wata manhaja izinin karanta bayanansa ta amintacciyar hanya, ba tare da ya ba ta kalmar sirrinsa ba, kuma ya iya janye izinin a duk lokacin da ya so. Kafin wannan tsari ya game ko'ina, mafita ita ce mutum ya sauke bayanin asusunsa a tsarin Excel daga manhajar bankinsa ya loda da hannu, ko da sau ɗaya a mako. Hakan ma ya fi bin takarda da biro nesa ba kusa ba.

Cikas na biyu ya shafi yadda muke ciniki. Tun bayan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, tiransifa ta zama ruwan dare har a wurin mai shayi. Sai dai wanda ya sayi kaya ba lallai ne daga asusunsa kuɗin zai fito ba. Yana iya turowa ta wurin mai POS, ko ta asusun ƙaninsa, ko ya biya rabi yau rabi ranar kasuwa mai zuwa. Manhajar da aka horar da biyan kuɗi irin na Turai, inda mai biya ke rubuta lambar takardar ciniki a jikin kuɗin, takan rikice a nan. Wani lokaci ma takan liƙa kuɗin wani a kan bashin wani saboda adadin ya zo ɗaya, kuma wannan ya fi rikicewar muni, domin ba a ganewa sai ranar da aka tunkari wanda ya riga ya biya da maganar bashi. Kamfanonin biyan kuɗi na cikin gida sun samo wata dabara: suna ba kowane mai saye ko kowace hulɗa lambar asusu ta musamman, ta yadda duk wanda ya turo kuɗin, an san na wane ne. Duk mai ciniki da 'yan bashi da yawa ya kamata ya tambaya ko manhajar da yake son ɗauka tana aiki da irin wannan.

Akwai kuma sharaɗin da ba na fasaha ba. Idan asusun shago shi ne na cefanen gida da kuɗin makarantar yara da gudummawar biki, to manhajar za ta ɗauko duka, kuma maigida zai ɓata lokacin da ya so ya adana yana tsince su. Raba asusun kasuwanci da na gida shi ne matakin da ke gaban komai.

Hoton rasit

Abu na biyu shi ne karanta takarda. Mutum ya ɗauki hoton rasit da wayarsa, ko ya tura takardar da mai kawo masa kaya ya aiko zuwa wani adireshin imel na musamman, sai manhajar ta karanto sunan mai sayarwa da kwanan wata da jimillar kuɗi da haraji, ta shirya su a matsayin abin da aka kashe, hoton kuma ya zauna a maƙale da lissafin. Xero ya sayi kamfanin Hubdoc a 2018 domin wannan aiki, sauran ma duk suna da irinsa. Ci gaban baya-bayan nan shi ne karanta kaya ɗaya bayan ɗaya a cikin takardar maimakon jimilla kaɗai, da gano takardar da aka shigar sau biyu.

Bugaggen rasit daga gidan mai ko babban kanti yana karantuwa da kyau. Rasit ɗin hannu na kasuwa, mai rubutun sauri da tambarin da ya hau kan lambobi, sai an duba. Duk da haka ɗaukar hoton yana da amfani ko manhajar ba ta karanta daidai ba, domin rubutun da ke jikin takardar POS yakan goge cikin 'yan watanni, musamman a zafi.

Ƙirƙirarriyar basira

A nan ne kamfanonin suka fi yin talla. Intuit ya sanar da Intuit Assist a Satumbar 2023. A farkon 2024 Sage ya sanar da Sage Copilot, Xero kuma ya sanar da nasa mai suna JAX. Zoho yana da nasa, Zia, tun kafin nan. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne mutum ya rubuta tambaya ko umarni da magana ta yau da kullum, kamar ya ce a nuna masa waɗanda suka wuce kwana talatin ba su biya ba, ko a shirya wa wane takardar ciniki ta katan ashirin, manhajar ta aiwatar. Suna kuma rubuta saƙon tunatar da mai bashi, su ja hankali idan kuɗin wuta ko na dizal na wannan wata ya ninka na watan jiya, su yi hasashen ko kuɗin da ke asusu zai kai ƙarshen wata idan aka biya albashi da haya. A 2025 Intuit ya ƙara matsawa gaba da abin da ya kira wakilai, wato sassan manhajar da ke gudanar da aiki daga farko zuwa ƙarshe sannan su kawo wa maigida ya sa hannu.

Yana da kyau a rage zumuɗi a nan. Da farko, irin waɗannan abubuwa sukan fara fitowa ne a Amurka da Birtaniya da Ostareliya, a kan tsarin biya mai tsada, kafin su iso wa sauran ƙasashe, don haka abin da mutum ya gani a talla ba lallai ya same shi a asusunsa ba. Na biyu, da Turanci aka tsara hulɗa da su. Na uku, hasashe daga abin da aka shigar yake fitowa. Shagon da rabin cinikinsa na tsabar kuɗi ne kuma ba a rubuta shi, hasashen da zai samu na rabin shago ne. Sannan ƙirƙirarriyar basira takan yi kuskure da cikakken ƙwarin gwiwa. Tana iya ɗaukar kuɗin da ɗan'uwa ya ranta wa maigida a matsayin ciniki, riba ta kumbura a takarda, haraji ya biyo baya. A gaban hukuma mai kasuwa ne zai amsa tambaya a kan abin da aka miƙa, domin hukumar ba ta san manhaja ba.

Inda ta fi amfani, a ganin wannan marubuci, shi ne ƙananan ayyuka masu gundura: tsara saƙon bin bashi cikin ladabi, da tono abin da ya saɓa wa al'ada a cikin ɗaruruwan layuka da idon mutum zai tsallake.

Takardar ciniki da karɓar kuɗi

Takardar ciniki ita ce wadda mai sayarwa ke ba mai saye, mai nuna kaya da farashi da haraji da ranar da ake sa ran biya. A yanzu ana aika ta ta imel ko WhatsApp ɗauke da madannin biya, wanda a Najeriya wasu manhajojin ke haɗawa da Paystack ko Flutterwave. Da zarar mai saye ya biya, takardar kan rufe kanta. Mai aikawa yana ganin ko an buɗe ta, kuma ana iya sa ta riƙa fita da kanta duk wata ga masu biya a kai a kai, kamar makarantu masu zaman kansu ko masu gidajen haya.

Wani abu da ya kamata 'yan kasuwa Musulmi su lura da shi: wasu manhajojin suna da tsarin ƙara tara ko kashi kaza bisa ɗari a kan wanda ya yi jinkirin biya, kuma idan an kunna shi da kansa yake aiki. Mai gudun riba a kan bashi sai ya tabbatar a kashe yake.

Hukumar haraji ta shigo ciki

Wannan ne ɓangaren da zai tilasta wa mutane da yawa shiga harkar, ko suna so ko ba sa so. Gwamnatoci sun gano cewa hanya mafi sauƙi ta toshe zurarewar harajin VAT ita ce su ga takardar ciniki a lokacin da aka fitar da ita, maimakon jiran rahoton ƙarshen wata. Italiya ta wajabta hakan tsakanin 'yan kasuwa daga Janairun 2019. Saudiyya ta fara nata a Disambar 2021, ta shiga mataki na biyu na haɗa manhajoji da hukuma a Janairun 2023. Kenya tana da tsarin eTIMS, Ghana ma ta soma nata a 2022. Birtaniya ta bi wata hanya mai kama da wannan: daga Afrilun 2019 ta fara wajabta ajiye lissafin VAT da miƙa shi ta manhaja, ta faɗaɗa ga duk masu rajistar VAT a 2022. Wannan doka ta kawo wa kamfanonin manhaja ɗimbin masu saye, shi ya sa suka fi mayar da hankali ga ƙasashen da ke da irinta.

A Najeriya, hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, ta ƙaddamar da nata tsarin a ranar 1 ga Agustan 2025, ta fara da manyan kamfanoni masu cinikin naira biliyan 5 zuwa sama a shekara, daga baya ta ƙara musu wa'adi zuwa 1 ga Nuwamba. Yadda yake aiki shi ne manhajar mai sayarwa ta tura bayanan takardar ciniki zuwa dandalin hukumar ta hannun kamfanonin da aka tantance, hukumar ta ba takardar lambar shaida ta musamman da tambarin QR, wanda mai saye zai iya haskawa ya tabbatar ba jabu ba ce. An tsara shigar da matsakaita da ƙananan masu biyan haraji mataki-mataki bayan manyan.

A ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan dokokin gyaran haraji huɗu, waɗanda manyan tanade-tanadensu suka fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2026, kuma a ƙarƙashinsu ne FIRS ta koma NRS. VAT ya tsaya a kashi 7.5 cikin ɗari, yadda yake tun Fabrairun 2020. An ɗaga iyakar cinikin da ƙaramin kamfani zai yi ba tare da biyan harajin kamfanoni ba, wadda a da take naira miliyan 25. An kuma faɗaɗa damar cire VAT ɗin da ɗan kasuwa ya biya wurin sayayya daga wanda ya karɓa wurin sayarwa, har ta haɗa da na hidimomi da na kayan aiki masu ɗorewa kamar injina.

Mai ƙaramin shago zai iya cewa babu ruwansa, tun da an ɗauke masa. Abubuwa biyu ne suka hana hakan zama gaskiya. Ɗauke haraji ga mai ƙaramin ciniki yana buƙatar shaidar cewa cinikin ƙarami ne, shaidar kuwa lissafi ce. Musamman a zamanin tiransifa, kuɗin da ke wucewa ta asusun dillali ko wakili na iya ninka abin da ke nasa sau goma, kuma in babu rubutu babu yadda zai bambance. Na biyu, babban kamfanin da ke son cire VAT ɗin da ya biya yana buƙatar takarda ingantacciya daga mai kawo masa kaya. Mai kai wa kamfani buhuna ko kayan ofis ko abincin ma'aikata zai tarar mai sayen ne ke matsa masa ya gyara takardunsa tun kafin hukuma ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Saboda haka tambayar farko da ya kamata a yi wa duk mai tallan manhaja a yau ita ce ko tana iya haɗuwa da dandalin hukumar harajin Najeriya, kai tsaye ko ta hannun wani kamfani da aka tantance, da kuma nawa haɗin zai ci. Nau'in manhajar da aka yi wa duniya baki ɗaya yakan bar mai amfani ya saita harajin ƙasarsa da hannu, kuma a nan ake yawan tafka kuskure. A ɗauka kaya na naira 200,000 ne. VAT ɗinsu naira 15,000 ne, jimilla 215,000. Idan mai shago ya shigar da 215,000 alhali manhajar a saite take cewa farashi bai ƙunshi haraji ba, za ta ƙara wata naira 16,125 a kai. Haka nan akwai bambanci tsakanin kayan da aka tsame daga VAT gaba ɗaya da waɗanda aka sa musu kashi sifiri, irin su muhimman kayan abinci da magunguna da littattafan karatu a sabuwar dokar. Mai saye ba ya biyan komai a duka biyun, amma mai sayar da na kashi sifiri ne ke da damar neman VAT ɗin da ya biya a baya. Zaɓen gurbin da ba daidai ba na iya janyo asarar wannan dama. Wannan saiti na farko aikin akanta ne, ko da sau ɗaya za a biya shi.

Kaya da ma'aikata

An inganta ɓangaren ƙididdigar kaya ƙwarai. Manhaja na iya bin kaya a rassa da sito daban-daban, ta yi gargaɗi idan wani abu ya kusa ƙarewa, ta karanta lambar jikin kaya da kyamarar waya, wasu har da bin ranar lalacewar kaya, abin da masu kemis ke buƙata. Abin gwadawa kafin a biya shi ne ma'auni. Mai sarin shinkafa da buhu ya sayar da mudu, ko mai sayo shadda da bandir ya yanka yadi-yadi, yana buƙatar manhajar da ta san buhu nawa ne mudu nawa. Ba duka ke iyawa a ƙaramin tsarin biya ba, kuma a irin wannan ne manhajojin da aka gina a cikin gida sukan fi dacewa da kasuwanninmu, duk da cewa da yawansu sun fi ƙarfi wajen ciniki da kaya fiye da cikakken lissafi. Ga mai fitar da zakkar dukiyar kasuwanci kuwa, rahoton da ke nuna darajar kaya da kuɗin hannu da bashin da ake bi da wanda ake binsa a rana ɗaya yana rage kirdado, ko da yake manhajar takan nuna kaya ne a farashin saye, don haka sai an sake yi musu ƙima da farashin ranar.

Wani abu da ba a cika tallata shi ba, amma ya fi da yawa daga cikin waɗanda ake tallatawa amfani, shi ne iyakance ikon kowane ma'aikaci. Yaron shago na iya shigar da ciniki ba tare da ganin riba ko farashin saye ba, kuma ba zai iya goge abin da ya wuce ba. Duk gyaran da aka yi yana barin sawu: wa ya yi, yaushe, mene ne a wurin kafin gyaran. Ana kuma iya kulle watan da aka rufe lissafinsa. Duk wannan yana rushewa ne idan mutum biyar suna shiga da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya don gudun biyan kuɗin ƙarin mai amfani.

Albashi kuwa shi ne inda manhajojin waje suka fi rauni a nan, domin kowace ƙasa da dokarta. Dole manhajar ta san sabon jadawalin harajin albashi, wanda ya ɗauke haraji daga naira 800,000 na farko a shekara, da kuɗin fansho na kashi 8 daga ma'aikaci da kashi 10 daga mai aiki a wuraren da dokar fansho ta 2014 ta shafa. Galibi sai an haɗa da wata manhajar albashi ta gida.

Kuɗin amfani da makomar bayanai

Sabbin abubuwa ba kyauta suke zuwa ba. Kamfanonin kan ƙara farashi kusan duk shekara, kuma sukan ajiye abin da ya fi daɗi a tsarin biya na sama. Ga mai biya da dala akwai ƙarin nauyi. Kafin Babban Banki ya haɗe kasuwannin canji a Yunin 2023, dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Manhajar dala 30 a wata ta tashi daga kimanin naira 13,800 zuwa 45,000 ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba. Ban da haka, tun 2022 kamfanonin waje masu sayar da hidima ta intanet suna karɓar VAT daga masu saye a Najeriya. Shi ya sa sanin ko manhaja tana karɓar naira, a tsayayyen farashi, yake da nauyi daidai da sanin abin da take iyawa. Sai batun wuta da sabis: a gwada ko ana iya shigar da ciniki idan intanet ta ɗauke, manhajar ta tura daga baya. Manyan manhajojin waje da yawa ba sa yin haka.

Game da sirri, bayanan masu saye da ke cikin manhajar, wato sunaye da lambobin waya da basussuka, suna ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta Yunin 2023, kuma nauyin kiyaye su yana kan mai kasuwar da ya tattara. Mafi ƙarancin kariya shi ne kunna tantancewa mai mataki biyu, wato lambar da ke zuwa waya bayan kalmar sirri, da cire sunan ma'aikaci a ranar da ya bar aiki.

Haɗarin da aka fi mantawa da shi shi ne kamfanin ya tafi. Wave na ƙasar Kanada, wanda ƙananan 'yan kasuwa da yawa a Afirka suka rungume shi saboda kyauta ne, ya daina karɓar sabbin masu rajista daga wajen Amurka da Kanada a ƙarshen 2020, shekara guda bayan kamfanin H&R Block ya saye shi. Intuit, duk da girmansa, ya janye QuickBooks daga Indiya a 2023, masu amfani da shi suka kwashe bayanansu suka nemi wani wuri. Ƙananan kamfanonin da ke tafiya da jarin masu zuba kuɗi sun fi waɗannan saurin sauya sana'a ko rufewa. Akwai kuma wanda zai daina biya da kansa saboda kasuwa ta ja baya, ya tarar an taƙaita masa shiga lissafinsa na shekaru.

Dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni wajabcin naɗa mai binciken kuɗi, amma ba ta ɗauke musu ajiye bayanan lissafi ba, waɗanda ake buƙatar a adana har shekara shida. Don haka kafin a ɗauki manhaja a gwada madannin fitar da bayanai tun a lokacin gwaji na kyauta, a ga ko yana ba da jerin masu saye da basussuka da kaya da dukkan hulɗoɗi a tsarin da Excel ke buɗewa, har da hotunan rasit. Bayan an fara aiki kuma, a ƙarshen kowane wata a sauke rahoton riba da asara da na 'yan bashi da na kaya, a ajiye kwafi ɗaya a kwamfuta, ɗaya a imel ɗin da ba na shagon ba.